Ladi Kwali: Yadda take zana hoto a jikin yumɓu

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, 'yar ƙabilar Gbagyi ce daga garin Kwali da ke Babban Birnin Tarayya a yau. Ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama, kuma jikin randa shi ne allon zanenta.

Da hannu take gina randa, tana murza yumɓu kamar igiya, tana ɗora shi zagaye bisa zagaye. Kafin ya bushe sarai, sai ta raba jikin randar gida-gida da layuka, sannan ta tsaga siffofin ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi da tsuntsaye a ciki. Tsagar da ta shiga yumɓu ba ta goguwa cikin sauƙi, don haka aikin yana buƙatar tsayayyen hannu.

A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja, inda ta zama mace ta farko a cibiyar. A can aka riƙa shafa wa randunanta ruwan ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Hakan ya fito da zanen fili, amma ya toshe ƙofofin yumɓun da ke sanyaya ruwa, randar ta koma kayan ado.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.