Suma da Farfaɗowa a Bakin Ruwan Ngaski

Ma'abota lugga sun san Bahaushe ba ya cewa abu ya farfaɗo sai in ya taɓa suma. Kasuwar da ta cika maƙil ranarta, cewa ake yi ta ci. Wadda kuwa ta mace har ciyawa ta rufe rumfunanta, sa'an nan rai ya komo mata, ita ce ta farfaɗo. Da wannan ma'ana nake duban tarihin bakin ruwan Ngaski, a masarautar Yawuri.

Kafin a datse kogin Kwara a Kainji, aikin da aka soma a 1964 aka kammala a 1968, Gungawa suna zaune a tsibiransu suna noman albasa a kan lakar da ambaliya ke bari, Kambari suna tudu da geronsu da dawarsu, Sarkawa kuma suna bin kifi a inda kakanninsu suka bi shi. Da ruwa ya taso, ya shafe tsohuwar Busa, inda ajalin Baturen nan Mungo Park ya riske shi a 1806, ya haɗiye gungaye da fadamu da maƙabartu, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka zaunar da su a gidajen siminti da ba su saba da irinsu ba. Wannan jarrabawa ce babba, kuma bai halatta ga mai rubuta tarihi ya rage mata nauyi don wutar lantarkin da aka samu ba.

Amma cikin hikimar Ubangiji, itatuwa da ciyayin da ruwa ya binne suka ruɓe suka zama abincin kifi, har tafkin ya yi albarkar da ta jawo masunta daga nesa, suka kafa tungaye a gaɓa. Wanda ya sauka garin Wara ranar kasuwa zai ga kifayen warangi an shanya su suna ƙyalli a rana, hayaƙin banda ya turnuƙe, jiragen inji suna sauke buhuna, fatake suna ciniki da harsuna iri-iri.

Yalwar farko ba ta daɗe ba. Bayan 'yan shekaru kamu ya ragu, taru mai ƙananan idanu ya shiga kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, jikan mai albasar tsibiri kuwa ya wayi gari yana ɗinkin koma a ƙarƙashin bishiya, yana nuna wa yaransa tsakiyar tafki inda gonar gidansu take.