Sarrafa Rahoton Tangarɗar Na'urori Kai-tsaye a Mashigin Iyakar Jibiya: Nazari a Mahangar Kula da Hidimar Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙa'idojin kula da hidimar kwamfuta da manhajojin bibiyar matsala za su iya yin amfani a mashigin iyakar Jibiya da ke Jihar Katsina. Matsayarta ita ce, amfanin irin wannan tsari ya rataya ne a kan samar wa kowace tangarɗa rubutaccen rahoto, da mai alhakinta, da wa'adin gyara, tare da tabbatar da cewa tsarin zai ci gaba da aiki ko da sabis ya ɗauke.

1.0 Gabatarwa

Mashigin Magama da ke Ƙaramar Hukumar Jibiya shi ne ƙofar da ta haɗa Katsina da Maraɗi ta garin Ɗan Isa, inda dabbobi da wake da aya suke shigowa, kayan masarufi kuma suke fita. An rufe shi tare da sauran iyakokin tudu a Agustan 2019, aka buɗe shi a Afrilun 2022, sannan aka sake rufe shi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. A daidai wannan tsakani aikin iyaka ya ƙara dogara ga kwamfuta, domin Hukumar Kwastan ta yi amfani da manhajar NICIS II kafin ta soma gwajin B'Odogwu a Legas cikin Oktoban 2024, yayin da Hukumar Shige da Fice take aiki da manhajar MIDAS wajen tantance matafiya. Ke nan tsayawar na'ura ɗaya ta isa ta tsayar da jerin tireloli.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kula da hidimar kwamfuta na nufin tsara yadda hukuma take samar da na'urori da manhajoji ga ma'aikatanta, da yadda take gyara su idan sun lalace. Fitaccen kundin ƙa'idojin fannin shi ne ITIL, wanda gwamnatin Birtaniya ta soma haɗawa a ƙarshen shekarun 1980, bugunsa na huɗu kuma ya fito a 2019. Akwai kuma ma'aunin ISO/IEC 20000 da ya fara fitowa a 2005. Kundin ITIL ya bambanta tangarɗa, wato katsewar hidima ba zato, da tushen matsala, wato dalilin da yake sa tangarɗar maimaituwa, sannan ya ware buƙatar hidima, kamar neman sabuwar kalmar sirri, da kuma sauyi, kamar sabunta manhaja. Manhajar bibiyar matsala, irin su Bugzilla ta 1998 da Jira ta 2002, tana mayar da kowane ƙorafi tikiti mai lamba, wanda yake kama da katin asibiti ta fuskar cewa duk wanda ya karɓe shi zai ga abin da aka riga aka yi.

3.0 Yadda Sarrafawa Kai-tsaye Take Aiki

Kowace ƙa'idar sarrafawa tana da gaɓoɓi uku: abin da ya tayar da ita, da sharaɗin da za ta duba, da matakin da za ta ɗauka ba tare da jiran umarnin mutum ba. A ɗauki misalin wakilin fiton kaya da yake tsaye a bakin taga da takardun tirelar wake, aka ce masa babu sabis. Inda babu tsari, jami'i yakan kira wani masani da ya sani ta wayarsa, idan an yi sa'a a gyara, amma ba abin da zai rage a rubuce, don haka gobe sai a sake farawa daga tushe. Inda akwai tsari kuwa, da zarar an buɗe tikiti manhajar za ta auna girman ɓarnar da gaggawarta, ta gane cewa tsayawar biyan haraji ta fi lalacewar firinta ɗaya nauyi, ta miƙa aikin ga rukunin da ya dace, ta kuma fara ƙidayar wa'adin da aka amince da shi. Idan wa'adin ya cika ba a taɓa tikitin ba, sai ta ɗaga shi da kanta zuwa ofishin shiyya a Katsina, daga nan zuwa hedikwata a Abuja.

Babbar fa'idar tana bayyana ne bayan tikiti sun taru. Idan rahotanni suka nuna cewa na'urar ɗaukar zanen yatsa tana yawan tsayawa da rana tsaka a watannin bazara, masu gyara za su karkata ga zafi da ƙura da ƙarfin batirin sola, maimakon su riƙa sauya na'ura a kai a kai.

4.0 Sharuɗɗan da Yanayin Jibiya Ya Gindaya

Galibin waɗannan manhajoji an gina su ne bisa zaton cewa intanet ba ta yankewa, alhali a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Tsarin da ba ya karɓar rahoto sai da intanet zai yi shiru a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne kwamfutar da ke mashigin ta iya adana tikiti a cikinta, ta aika su idan sabis ya dawo, a kuma tanadi saƙon tes da rijistar takarda mai lamba a matsayin madadi. Haka nan ya dace babbar na'urar hedikwata ta buɗe tikiti da kanta idan ta daina jin motsin mashigin. Sharaɗi na biyu shi ne harshe: takardun Nijeriya da Turanci suke, na Nijar da Faransanci, amma direba da ɗan kasuwa da Hausa suke magana, don haka sanarwar da za ta isa gare su ya kamata ta zo da Hausa. Na uku shi ne hana rufe tikiti har sai jami'in da ya kai rahoton ya tabbatar da gyaran, domin kada cika wa'adi ya zama na takarda kawai.

5.0 Kammalawa

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa ta Jibiya, zai ƙara yawan kaya da bayanan da mashigin zai ɗauka. Maƙalar tana ba da shawarar hukumomin da ke aiki a wurin su fara da jera na'urorinsu da tantance mai alhakin kowace, su amince da wa'adin gyara a rubuce, sannan su zaɓi manhajar da za ta aiwatar da abin da suka tsara.