Tarihin Aikin Gayya a Fagen Manhajar Kwamfuta

Bahaushe ya daɗe da sanin gayya, inda mai gona kan kira samari su taru su nome masa ita ba da lada ba. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba tarihin wata gayya ta zamani, wato yadda masu rubuta manhajar kwamfuta daga ƙasashe daban-daban ke zuba aikinsu a rumbu guda wanda kowa ke da ikon ɗiba, da kuma yadda amana ta zama ginshiƙin wannan rumbu.

Kowace manhaja tana da rubutunta na asali, wato jerin umarnin da mutum ya tsara wa kwamfuta. Wanda bai ga wannan rubutu ba, gyaran manhajar kan yi masa wuya ƙwarai. Da kamfanoni suka fara ɓoye shi don neman riba, sai wani masani a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Richard Stallman ya ƙi yarda. A 1983 ya yi shelar aikin GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, sannan a 1989 ya fitar da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin shi ne: ka ɗauka, ka karanta, ka gyara, amma in za ka raba wa jama'a abin da ka gyara, dole ka ba su irin 'yancin da aka ba ka.

A watan Agusta na 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta cibiyar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, wadda aka sa wa suna Linux. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, mutane kuwa suka yi ta aiko masa da gudummawa. Hanyar ita ce "faci": mutum ya rubuta layukan da yake so a cire da waɗanda yake so a ƙara, ya aika ta imel, Torvalds ya duba, in ya gamsu ya liƙa. Da aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai aka raba shi sassa, kowane sashe da mai kula da shi, faci ya riƙa bi daga hannu zuwa hannu har ya isa sama.

To, gayya in ta yi yawa, tambaya kan taso: wa ya nome wace kunya? A 2003 kamfanin SCO ya kai IBM ƙara yana da'awar an zuba dukiyarsa cikin Linux. Saboda haka a 2004 aka kafa ƙa'idar cewa duk mai aiko da faci sai ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya kawo. A 2005 kuma, bayan an janye izinin amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke adana aikinsu da ita, Torvalds ya rubuta Git, wadda ke riƙe tarihin kowane canji da sunan mai shi. A kanta aka gina GitHub a 2008, inda kowa zai kwafi rumbu, ya yi gyara, ya roƙi masu kula su karɓa. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Duk da waɗannan matakai, an ci amana. A 2021 masu kula da Linux suka dakatar da karɓar gudummawa daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun aika da faci masu lahani da gangan don gwada ko za a gane. A watan Maris na 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura kwamfutarsa na ɗan jinkiri wajen shiga, ya bi sawu har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar xz. Wanda ya dasa ta ya shafe sama da shekara biyu yana kawo gudummawa mai kyau, har mai kula da rumbun, wanda aiki ya yi wa yawa, ya ba shi iko.

'Yan'uwa ɗalibai, abin lura a nan shi ne Linux, wadda wayoyin Android ke tafiya a kanta, ɗalibi irinmu ne ya faro ta, kuma ƙofar shiga irin wannan aiki a buɗe take. Ba sai wanda ya iya rubuta manhaja ba: ɗalibin Hausa na iya fassara manhaja zuwa harshenmu, ko ya gyara rubutun ƙa, ɗa da ɓa inda suka lalace. Sai dai duk wanda zai zuba hatsi a rumbun jama'a, ya tuna cewa sunansa na rubuce a jikin damin da ya kawo, kuma laifin mutum biyu ko uku na iya sa a rufe wa jami'arsu ƙofa.