Ba Kowace Bindiga Ce AK-47 Ba

Ran nan muna zaune a bakin titin Abuja zuwa Lakwaja, nan Yangoji, motar 'yan sanda ta tsaya, wani yaro ya nuna bindigar ɗayansu ya ce AK-47 ce. Wani tsohon soja da muke shan shayi tare ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ta Sin ce, dubi tsinin da ke naɗe a ƙarƙashin bakinta." Tun ranar nake bin diddigin maganar.

Asalin AK-47 ƙirar Mikhail Kalashnikov ce, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949. A 1959 aka fito da AKM, wadda ake buga jikinta da farantin ƙarfe maimakon a sassaƙa shi daga dunƙule, sai ta yi sauƙin nauyi da arha. Sin kuma ta yi tata, Type 56. Galibin abin da muke kira AK-47 ɗayan waɗannan biyun ne.

Dattijon nan ya ce shi da G3 ya yi aiki, ta Jamus, wadda masana'antar DICON ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ta riƙa haɗawa, tare da FN FAL ta Beljiyam. Harsashinsu dogo ne, 7.62x51, gidansa miƙaƙƙe mai cin 20. Sun fi kai wa nesa, amma akwai nauyi, ga harbin kafaɗa kamar jaki. Na AK gajere ne, 7.62x39, gidansa lanƙwasasshe mai cin 30. Hayaƙin harbin ne ke tura sandar da ke ɗora harsashi na gaba, kuma da gangan aka bar 'yar sakewa tsakanin ƙarafunta, shi ya sa ƙura da laka ba su cika tsayar da ita ba. A 2006 ita ma DICON ta nuna tata AK ɗin, OBJ-006.

Abin da ke damuna ke nan, jama'a. Bindigar da ba ta neman gyara sosai ko dogon horo ita ce ta dace da mutumin daji, kuma bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai sun kwararo ta Sahara. Mu kuwa 'yan bangarmu bindigar toka suke riƙewa, harbi ɗaya sai a sake ɗuri.