Sulhun Portsmouth na 1905

Yaƙin Rasha da Japan ya ɓarke a Fabrairun 1904 kan ikon Manchuriya da Koriya. Japan ta yi galaba a Mukden, sannan a Mayun 1905 ta nutsar da yawancin jiragen ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Sai dai baitulmalinta ya kusa ƙarewa, Sarkin Rasha Nicholas na Biyu kuma yana fama da bore a cikin gida.

Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya shiga tsakani, aka fara zama a Agusta a sansanin sojan ruwa na Portsmouth. Sergei Witte ya wakilci Rasha, Komura Jutaro kuma Japan. Diyyar da Japan ta nema ce ta kusa wargaza zaman, domin Witte ya kafe cewa ko sisi Rasha ba za ta biya ba. Daga ƙarshe Japan ta haƙura.

Ranar 5 ga Satumba aka sa hannu. Rasha ta amince da fifikon Japan a Koriya, ta miƙa mata Port Arthur da kudancin tsibirin Sakhalin. Rashin diyyar ya tayar da tarzoma a Tokyo. Roosevelt kuwa ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1906.