Majalisar Dokoki a Tarihin Kudancin Kaduna da Yadda Ya Kamata a Koyar da Ita

Gabatarwa

Ɗalibin ƙaramar sakandare a Kafanchan zai iya kawo rassan gwamnati guda uku ba tare da ya numfasa ba. Amma idan aka tambaye shi inda dokar da ta kafa kotun garinsu ta fito, da waɗanda suka yi muhawara a kanta, sai ya yi shiru. Wannan muƙala tana ganin laifin ba na ɗalibi ba ne, na manhaja ne da ta raba darasin majalisa da tarihin wurin da ake koyar da shi.

Daga En'e zuwa Zauren Lugga

Kafanchan ta bunƙasa ne bayan da hanyoyin jirgin ƙasa daga Fatakwal da Kaduna da Jos suka haɗu a wurin a 1927, kuma a 1933 Sarkin Jama'a ya mayar da fadarsa can. A wancan zamani doka daga sama take saukowa: Gwamna ya kafa, Razdan da Di'o su isar, En'e ta zartar. Manomin Kagoro ko na Kwoi ba shi da wakilin da ya zaɓa.

Tsarin mulkin Richards na 1946 shi ya samar da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa a Kaduna. To amma aikinsu bai wuce ba da shawara ba, kuma ta hannun En'e-En'e wakilai suke fitowa. Duk da haka, a wannan zaure ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudirinsa na 1950 yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba majalisun ikon yin doka, sai dai zaɓen hawa-hawa ne, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi. Ƙananan ƙabilu, ciki har da na kudancin Lardin Zazzau, sun yi kukan cewa muryarsu tana ɓacewa a hanya. Irin wannan kuka ne ya sa aka kafa Hukumar Willink a 1957. Rahotonta na 1958 bai yarda da ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Wani abin da ɗalibai mata kan yi mamakinsa shi ne, matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, mulkin soja aka yi, inda umarnin shugaba yake zama doka. A cikin wannan yanayi aka kafa Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, aka cire Katsina daga cikinta a 1987, babu ɗaya da majalisar zaɓaɓɓu ta tattauna.

Misalai biyu da malami ke da su a hannu

Na farko shi ne abin da ya faru a Jamhuriya ta Biyu. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisar jiha kuwa NPN ce ke da rinjaye a cikinta. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya. Babu bayanin da zai nuna wa yaro ƙarfin majalisa, da kuma yadda za a iya wuce gona da iri da shi, kamar wannan labari.

Na biyu ya fi nauyi. A farkon shekarar 2000 batun shari'ar Musulunci ya zo gaban majalisar jiha, kuma a watan Fabrairu rikici ya ɓarke a Kaduna, aka rasa rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. Mafitar da aka samu a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, ta hanyar doka ta zo: aka maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'a da kotunan al'ada, ga kuma na majistare. Malamai da yawa suna gudun wannan babi, kuma ba a ga laifinsu ba, domin a aji guda a Kafanchan akwai Bajju da Fantswam da Bahaushe da Atyap, kowa da abin da aka gaya masa a gida. Ra'ayinmu shi ne a koyar da shi, amma a tsaya a kan tafiyar ƙudirin da abin da dokar ta tanada, a bar zancen wa ya fara.

Auna fahimta

Tambayar "kawo ayyukan majalisa guda biyar" hadda kawai take aunawa. Ya fi kyau a ba ɗalibi matsala: majalisar Kaduna mai wakilai 34 ta zartar da ƙudiri, gwamna ya ƙi rattaba hannu a cikin kwana 30 da sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi, wakilai nawa ake bukata kafin ƙudirin ya zama doka ba da shi ba? Yaron da ya lissafa kashi biyu bisa uku ya sami 23 ya haɗa lissafi da ilimin zaman ƙasa a amsa guda.

A gwajin cikin zango kuwa, aji ya zama majalisa. A tsara ƙudiri da Hausa a kan abin da yara suka sani, kamar tsabtar kasuwa ko kuɗin da ake karɓa daga masu sayar da citta, a yi masa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, a gayyaci 'yan wani aji su ba da ra'ayi. Maki ya tafi ga wanda ya kawo hujja, da wanda ya iya maimaita hujjar abokin hamayyarsa daidai kafin ya soke ta. Kashi ɗaya kuma a ware shi ga magatakardan da ya rubuta bayanin zaman.