Ƙwaron da Ya Sauya Tafiyar Ruwa a Dajin Fain

Ƙwaron bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, amma daga shekarun 1990 zuwa yau ya bi ta kan hekta fiye da miliyan 18 na dajin fain a lardin Biritish Kolombiya, yammacin Kanada. Ba baƙo ba ne a dajin. Tun fil azal yana nan, sanyin hunturu ne ke taka masa birki, don idan ya kai digo 40 ƙasa da sifili tsutsarsa mutuwa take yi a ƙarƙashin ɓawo. Sai hunturu ya sassauta. Ga kuma shekaru da dama ana kashe gobarar daji tun tana ƙarama, har itatuwa suka tsufa tare, tsofaffin kuwa su yake so.

Yakan huda ɓawo ya shiga da wata shuɗiyar funfuna mai toshe jijiyoyin itace. Cikin shekara guda ganye ya yi jajawur, daga baya ya zube, dutse ya cika da busassun itatuwa masu launin toka. A 2006 iska ta kwashi ƙwarin ta tsallakar da su duwatsun Roki zuwa lardin Albata.

Ni dai zancen ruwa ya fi damuna. Mataccen itace ba ya shan ruwa, ba ya tare dusar ƙanƙara, ba ya yin inuwa. Dusar sai ta jibge a ƙasa, ta narke da wuri. A 2007 hukumar sa ido kan aikin dazuzzukan lardin ta yi lissafi a rafin Beka, kusa da garin Kwinel, ta ga ambaliya za ta ƙaru, kuma za ta fi muni in aka sare matattun itatuwan kaf. Amma a zahiri, inda aka bar su tsaye, sau da yawa ruwan bai ƙaru sosai ba, domin ƙananan itatuwa sun samu rana sun shanye rarar.

A jihar Kolorado ta Amurka, inda ƙwaron ya yi ɓarna shi ma, matsalar a matatun ruwa ta ɓullo: ruɓaɓɓen ganye ya sauka cikin rafuka, ya haɗu da sinadarin kulorin, ya haifar da gurɓatattun sinadarai a ruwan sha. Tun 2010 hukumar ruwan birnin Denba take zuba kuɗi wajen gyaran dajin da ruwanta ke fitowa.

A ganina, garajen saran da aka yi bayan annobar ya fi ƙwaron cutar da rafuka.